Silba Mai Biredi da Zakaran Ɗori

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja daga Kaduna ya san yadda motoci ke lafawa idan sun iso Gonin Gora, ya kuma san halin fasinja. Fasinja ba ya tuna yana da iyali sai direba ya sake taka mota. Zai zauna ya zuba wa biredi ido ta gilashi, a kai masa har bakin hanci ya kawar da kai, sai mota ta fara ja ne za ka ga ya zuro hannu yana kiran mai biredi kamar wanda aka yi wa ƙwace. Wannan mugun hali ne ya mai da tallar biredi a wurin sana'ar ƙafa. Mai gudu shi ke ciniki, wanda ba shi da gudu kuwa ya koma gida da kayansa.

A shekarun da ya yi a bakin titin nan babu mai biredin da ya taɓa shan gaban Sylvanus. Sunan ya yi wa bakin mutane nauyi, suka rage shi ya koma Silba. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Kwoi, inda kowa manomin citta ne, kuma ba yunwa ce ta koro shi Kaduna ba, zama ne. A garinsu idan an haƙe citta sai a jibge ta a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, kowa ya ɗauki 'yar wuƙa a yi ta tsaga ta gida biyu don ta bushe, tun hantsi har rana ta faɗi, gobe ma haka. Silba yana saurayi ya dubi tsofaffin da ke kan tabarmar nan, baya ya lanƙwashe, yatsu sun yi kanta, ya ce shi dai ba da shi ba. Ya hau motar itace ya taho.

Ya auri Irene, wadda ke sayar da kunu da awara a ƙofar gidan hayar da suke zaune, suka haifi 'ya ɗaya, Debby, da yanzu take koyon ɗinki a wajen innarta a Sabon Tasha. Amma da za ka tambayi Silba abin da ya mallaka a duniya, ƙafafunsa zai fara ambata, sai daga baya ya tuna yana da mace da 'ya. Kullum da safe sai ya shafa musu man kaɗanya. Direbobi har da gangan suke ƙara wuta idan sun hango shi a madubi, don kawai fasinja su sha kallo: mutum da furfura a gemu, biredi fal hannu, yana kafaɗa da kafaɗa da mota, yana kuma tambayar madam mai yanka-yanka take so ko dunƙulalle.

Abin takaicin shi ne ba wata babbar mota ce ta kayar da shi ba. Da tirela ce, ai da ya samu abin faɗa wa jikoki. Ɗan acaɓa ne ya ɗauko ƙofar ƙarfe a gicciye a bayan babur, ya biyo gefen titi ta hannun da ba nasa ba, ƙofar ta kwashe Silba yana tsakiyar bin wata bas. Wato dai ƙofa ce ta buge shi a fili, inda babu gida babu bango. Ƙashin ƙaurinsa na dama ya karye. Waɗanda suka fara isa wurin sun ce sun tarar da shi kwance a cikin kwata, ya ɗaga biredin sama don kada ya jiƙe.

A asibiti likita ya ce sai an tsaga an sa ƙarfe. Silba ya tambayi nauyin ƙarfen. Likita ya ce ba shi da wani nauyi. Silba ya ce ko na allura ne ba za a ƙara masa kaya a ƙafa ba, shi mai gudu ne. Irene ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi faɗa, ya ƙeƙasa ƙasa. Daga ƙarshe wata maƙwabciya ta ce akwai wani maɗori a Tudun Wada, Malam Zakariyya'u, wanda ko ƙashi ya zama gari yana haɗa shi. Aka ɗauki shatar Keke Napep aka nufi can, ƙafar tana leƙe ta gefe.

Malam Zakariyya'u gajeren dattijo ne marar son magana, suka same shi zaune a zaure tsakanin damin kara da wankakkun tsummoki. Ya shafa ƙafar sama da ƙasa. Silba ya kira sunan Yesu, ya kira na mahaifiyarsa, Malam ko ɗago kai bai yi ba.

"Kun zo da zakara?" ya tambayi Irene.

"Malam, karaya fa muka kawo, ba suna ake yi ba."

"Na gani. A gidan nan ba a ɗora mutum shi kaɗai. Sai an karya ƙafar zakara a ɗaure su tare, yadda ta zakaran ta kama haka ta mutum za ta kama. Haka na tarar mahaifina yana yi. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce shi ma bai tambaya ba."

Irene ta fita tana gunaguni ta sayo mafi arhar zakaran da ta gani, wani ja, ramamme, mai figaggen wuya, wanda da ganinsa ka san babu wanda ya taɓa yi masa fatan alheri. Malam ya yi bismilla ya karya masa ƙafar dama, ya jera mata 'yan kara ya naɗe da tsumma. Sannan ya juyo ya ja ƙafar Silba. Mutanen layin sun ce ba su iya bambance kukan zakaran da na mutumin ba.

Da za su tafi Malam ya kafa musu sharaɗi. "Zakaran nan ba a yanka shi, ba a sayar da shi, ba a ba da shi kyauta, sai ranar da mai ƙafa ya buɗe baki da kansa ya ce na warke. Ba ke za ki faɗa ba, ba ni ba, shi."

Haka suka komo Gonin Gora, mutum da zakara, kowa da ɗaurarriyar ƙafar dama a miƙe.

Da farko zaman ya yi daɗi. Silba ya sa aka ajiye kwandon zakaran a gefen gadonsa, yana kiransa ɗan'uwa, yana gutsura masa biredi, yana ba shi labarin motocin da ya kamo. Da zumuntar mata na cocinsu suka zo dubiya, shugabarsu ta ce ba za a yi wa ɗaya addu'a a bar ɗaya ba, aka kewaye su biyun aka yi waƙa. Irene ta ce ita dai ta ga ikon Allah, ta auri namiji ɗaya tana jinyar biyu.

Sai wata safiya zakara ya tsattsage tsummansa da baki, ya miƙe, ya karkaɗe fuka-fukai, ya fice ko waiwayen ɗan'uwa bai yi ba. Kafin a ce haka, wannan ramammen da Irene ta raina ya zama annobar gidan. Ya yi ƙiba, wuyansa ya fito da gashi, ya kore zakaran mai gidan haya ya gaje kajinsa. Gudu kuwa ba a magana, karen unguwa ya bi shi sau ɗaya ya haƙura. Silba yana leƙe ta taga yana murna, don a ganinsa gobensa ce yake kallo.

Ranar da aka kwance nasa ɗorin ya miƙe tsaye a zauren Malam, sai ya ji ƙasa ta karkace. Ƙashi ya kama sarai, amma ƙafar ta ɗan gajarce, ta kuma yi 'yar lanƙwasa a tsakiyar ƙauri.

"Malam, wannan ba tawa ba ce."

"Taka ce. Ka gode wa Allah."

"To gudun fa?"

"Ni ƙashi nake haɗawa. Gudu ba a wurina yake ba."

"Kai ka ce yadda ta zakara ta kama haka tawa za ta kama."

"Na faɗa," in ji Malam, ya juya wajen wanda ke biye a layi.

A hanyar gida Irene ta ce bari su tsaya ta sayi attarugu da albasa, tun da an kwance ɗori ai yau sai farfesu. Silba ya dube ta kamar ta zage shi. "Maman Debby, ban warke ba. Ranar da na kamo zakaran nan da gudu, ranar na warke." Ta ɗauka zafin rana ne. Ba ta san ya riga ya rantse a ransa ba.

Daga nan gidan haya ya samu abin kallo kyauta. Kullum da sassafe Silba zai fito tsakar gida da gajeren wando, ya shafa man kaɗanya, ya yi addu'a, ya tasar wa zakara. 'Yan haya suka riƙa fitowa da kujeru da kofunan koko. Shi kuwa zakaran, ɗan banza, ba ma ya gudun gaske. Sai ya bari Silba ya ɗingiso har ya miƙa hannu, sannan ya yi tsalle ɗaya ya tsaya can gefe yana tsintar ƙasa. Silba ya faɗa kan bokiti, ya faɗa kan turmi, ya taɓa faɗawa kan surukar mai gida tana tankaɗe. Kowace faɗuwa sai ya tashi ya kakkaɓe ya ce yau ya fi jiya.

Ya ce matsalar tsawo ce, ya kai takalminsa na dama wa Friday shumeka a ƙara masa tudu da yankin tsohuwar taya. Friday, da yake mai son a yaba masa ne, ya zarce, sai ƙafar hagu ta koma ita ce gajera. Aka kai na hagu aka ƙara, shi ma ya zarce. Aka koma na dama. Da aka gama wannan kai-komo Silba ya ƙara tsawon da sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa, ɗingishin kuwa yana nan daram, sai dai yanzu daga sama yake faɗowa. Ya jefar da takalman ya ce matsalar abinci ce. Ya fara sa ido kan abin da zakara ke ci, ya sa Irene ta dama masa kunun tsaki da dusa. Ranar da ta kama shi ya sunkuya yana nazarin wata ƙyanƙyasar gara a gindin bango, ta ce wallahi idan ya kai ta baki za ta koma gidansu.

Sai ya yanke shawarar cewa tsakar gida ce ta yi masa kaɗan, ƙafa ba za ta tuna aikinta ba sai ta ji ƙarar mota. Ya ɗauki biredi ya fita titi. Abokan sana'a suka yi masa maraba, suka ba shi wurinsa na da. Ba a jima ba wata mata ta zuro hannu daga wata motar haya ƙirar Sharon da ta fara ja. Jikin Silba ya zabura tun kafin ya yi tunani, amma bai yi nisa ba ƙafar ta ƙi, ya kife a kan kwalta, biredi ya watse. Matar ta leƙo ta ce, "Eyya, sori Baba," ta cillo masa kuɗi ba tare da ta karɓi komai ba. Na motar baya suka gani, su ma suka cillo nasu.

Sadaka. Shi Silba aka yi wa sadaka, a kan titin da direbobi ke ƙara wuta saboda shi. Bai taɓa kuɗin ba. Ya tattara biredinsa ya koma gida, ya kwanta ya juya fuska ga bango. Ranar da ƙashi ya karye ihu kawai ya yi, amma ranar nan kuka ya yi sosai, irin na baƙin ciki, Irene tana jinsa daga wajen kaskon awara ta kasa shiga.

Labari ya kai ƙauye, ya kuma kawo Ernest, yayan Silba. Tun rasuwar mahaifinsu Ernest ne uba a gidan, mutum ne mai akori-kura da yake kai citta kasuwa, idan ya yi magana ba a mayar masa. Ya zauna a kan benci ya dubi ƙafar, ya dubi Irene da ta rame don kunu da awara kaɗai ke riƙe da gidan, ya dubi zakaran da ya fi kowa ƙiba.

"Silba, marar lafiya gida yake komawa," ya ce. "Na ajiye maka tabarma da wuƙa. Tsaga citta ba ta neman ƙafa. Da an fara haƙa zan zo da mota, ku haɗa kayanku."

"Yaya, ina samun sauƙi fa."

"To madalla. Ka ƙarasa samun sa a gida."

Bayan tafiyarsa Irene ta ce, "Baban Debby, ka ce ka warke mana, mu ci zakaran nan, mu san abin da za mu yi da rayuwarmu." Ya girgiza kai. Ita gani take kalma ce kawai, shi kuwa ya san idan ya faɗe ta ya yarda ke nan cewa wannan karkatacciyar ƙafar ita ce tasa har kabari. Muddin zakara yana raye, jinya ba ta ƙare ba, Silba na da, mai gudu, yana hanya. Sai dai tabarmar Ernest ma tana hanya, kuma ta fi shi sauri.

Ya daina tseren safe. Ya koma zaman benci a ƙofar ɗaki, kusa da buhun totuwar masara da Irene ke hura wuta da ita. Zakara kuwa kamar ya sani, sai ya riƙa zuwa yana wucewa ta gabansa yana taku ɗai-ɗai, ya tsaya ya miƙa ƙafar dama ya yi cara. Haushi ya ishi Silba ya ɗauki totuwa ya wurga masa. Ta wuce can nesa ta faɗa cikin tukunyar wata maƙwabciya. Ya sake, ta sami tagar mai gida. Ba shi da wani aiki, haushin kuma ba ya ƙarewa, don haka ya wuni yana jifa, gobe ma ya wuni. A hankali ya lura cewa jifan inda zakara yake ɓata totuwa ne, sai dai ka jefi inda zai je. Kuma dole a yi jifan da taushi, don idan ya kashe shi ya karya sharaɗin Malam. Kafin damina ta ja baya, duk inda zakaran nan ya tsere sai ya ji totuwa ta sauka a gadon bayansa a hankali, kamar an dafa shi.

Silba bai ɗauki wannan a bakin komai ba, huce haushi ne. Irene ce ta tsaya wata rana da ludayi a hannu tana kallo. Washegari ta je bakin titi ta roƙo kwantan biredi a wajen abokan sana'arsa, ta zube masa a cinya, ta ɗauki baho ta riƙe a ƙugu.

"Zan ruga in wuce. Ka jefa a ciki."

"Maman Debby, wannan ai ba sana'a ba ce."

"Tsaga citta ce sana'a?"

Ya ɗauki biredi ɗaya. Ta tattare zani ta ruga, ya jefa, biredi ya sauka cikin baho ko lotsewa bai yi ba.

Da baho ya zama wasa, ta samo wata tsohuwar taga da aka cire daga bayan gida, ta ɗaure ta a tsaye a kan baro, ta riƙa turawa da gudu daga bakin rijiya zuwa ƙofar gida, shi kuma yana auna ramin tagar. Ba kullum yake samu ba. Ta sha biredi a kunne, ta sha a ƙeya, takan tsaya ta zazzaga masa masifa sannan ta koma bakin rijiya ta sake tahowa. To maƙwabta ba su ga taga ba, abin da suka gani shi ne mace tana gudu tana masifa, miji yana jifanta. Aka kai ƙara coci cewa tun da Silba ya nakasa ya koma dukan matarsa, kuma da abinci.

Fasto ya zo da dattawa biyu, fuska a murtuke. Ya buɗe Littafi ya fara magana a kan haƙuri tsakanin ma'aurata, Irene ta bari ya kai aya sannan ta yi bayani tana haki. Sai ɗaya daga cikin dattawan, wanda ya yi kwandasta a ƙuruciyarsa, ya zagaya baron ya ce aikin banza suke yi. Tagar mota ba ta kai wannan faɗi ba, kuma babu taga marar fasinja, ga kai, ga hannu, ga jakar da aka rungume. Ya cire hularsa ya ba ɗayan dattijon, ya shiga baron ya zauna a bayan tagar. Irene ta kasa tura shi don nauyi. Fasto ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ajiye Littafi a kan benci ya naɗe hannun riga. Har la'asar Fasto yana tura dattijon ikilisiya a baro, dattijo yana zuro hannu yana kiran mai biredi, Silba yana jifa. Da za su tafi Fasto ya ce a rubuta an sasanta.

Haka Silba ya koma titi, amma ba wurinsa na da ba. Ya kafa ɗan tebur can gaba, daidai inda motoci ke fara ɗaukar wuta, inda samarin masu biredi ke sarewa su juyo. Jifansa na farko ya shiga ta wannan taga ya fita ta waccan. Na biyu ya cire wa wani Alhaji hula, Alhajin ya riƙe biredin ya kuma biya, ya ce bai taɓa ganin ciniki ya zo masa da kansa haka ba. Daga nan hannu ya zauna. Biredi ne ke fara shiga, kuɗi ya biyo baya ta taga a dunƙule, kuma kuɗi idan ya faɗi ba ya gudu, sai Silba ya ɗingisa a hankali ya ɗauka. Akwai 'yan iskan da ke wucewa da biredi ba su cillo komai ba, yakan bi su da Allah ya isa. Duk da haka idan aka yaba masa sai ya ce ai na wucin gadi ne, kafin ya warke.

A nan Ernest ya same shi ranar da ya zo da akori-kura, bayanta a share don kwasar kaya. Ya faka a gefe, ya fito ya harɗe hannu yana kallo, Irene tana tsaye a bayansa. Ya ga biredi ya bi wata bas ya shige ta tagar baya ya sauka a cinyar wata tsohuwa. Ya ga wani ya daki ƙofa ya faɗo. Ya ga na gaba ya shiga.

"Na gani," in ji Ernest. "Hannu ya yi kyau. Sai dai ni abu ɗaya na sani. Kai da bakinka kake cewa ba ka warke ba, ni kuma ba zan bar ƙanena marar lafiya a bakin titi ba, me zan faɗa wa dangi? Idan ba ka warke ba, hau mota. Idan ka warke, faɗa in ji, in juya abina."

Silba ya dubi Irene. Irene ta mai da ido kan motocin da ke wucewa kamar ba ta san su biyun ba.

Can baya samari suna ta tsere da motoci, ƙafafu suna tashi sama. Silba ya kalle su, ya san daɗin abin nan, iska a ƙirji, kwalta tana gudu a ƙarƙashinka. Ya sunkuya ya dubi ƙafarsa ta dama, gajera, lanƙwasasshiya, tana sheƙin man kaɗanyar da bai fasa shafa mata ba. Tsoro ya kama shi, da baƙin ciki, don ya san wanda yake jira ba zai zo ba, kuma shi ne za a sa ya sanar. Ya motsa baki.

"Ban ji ba," in ji Ernest, "tirela ta wuce."

"Na warke, Yaya."

Hawaye ya zubo masa bai share ba. Ernest ya yi gyaran murya ya juya baya, ya buɗe gaban mota ya ɗauko ƙullin ɗanyar citta ya miƙa wa Irene. Ya ce tun da haka ne a yanka zakara, bai yi wannan doguwar tafiya don ya koma da yunwa ba.

Kama zakaran ma sai da ya zama aiki. Ernest ya bi shi, Irene ta bi shi, 'yan haya suka yi masa ƙawanya, ya bi ta tsakanin ƙafafunsu ya fice. Silba yana zaune a benci ya ce a miƙo masa kwando. Ya jira zakara ya ɗauko gudu daga bakin rijiya, ya wurga kwandon can gabansa, ya kife a kansa. Da aka ɗauko wuƙa sai Silba ya shige ɗaki ya rufo ƙofa.

Da la'asar aka zauna cin farfesu a tsakar gida. Irene ta zuba wa mijinta ƙafafun biyu, ta ce haƙƙinsa ne. Naman ya yi tauri kamar igiya, dama me za a samu a jikin wanda bai taɓa zama wuri ɗaya ba? Silba ya yi ta ja da haƙori har ya kai ƙashi, ya ajiye na hagu a bakin kwano, ya gama da na dama ya ajiye kusa da shi. Sai ya daina tauna.

Ƙashin dama ya fi na hagu gajarta a fili. A tsakiyarsa akwai wani ƙullutu inda ya haɗe, kuma a karkace ya haɗe, lanƙwasar har ta fi ta ƙaurin Silba. Zakaran bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba balle wani ya lura.

"Baban Debby, taurin ne ya hana ka ci?" Irene ta tambaya.

Ya tura mata kwanon. Ta duba, Ernest ma ya miƙo wuya ya duba.

"A haka yake ta wannan gudun?" in ji ta.

Silba ya ɗauki ƙashin ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallonsa.

"Duk zaman da muka yi ɗaki ɗaya," ya ce, "bai taɓa gaya mini ba."